Makon Tseren Keke Tsakanin Tasawa da Mayahi

Juma'a, 12 ga Disamba

Bayan an sauko daga masallaci muka haɗu a rumfar Baba mai gyaran keke, inda ƙungiyarmu ke zama tun kafuwarta. Ranar Alhamis mai zuwa ce 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, wadda Nijar ke tunawa da ita tun 1958, kuma a ranar za a yi tseren da zai rufe mana kakar bana. A cikinmu akwai tela, akwai ɗan tireda, akwai malamin lakkwal, akwai manoman da suka gama ɗaure damman gero, sai 'yan kwaleji. Babu mai karɓar albashi. Dala ashirin kowa ke zubawa a asusu duk mako, da ita ake sayen faci, man kaca da sukarin shayi.

Baba ya jera kekunan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Dukansu gwanjo ne da suka shigo ta Kwatano ko ta Kano shekarun baya. Siraran tayoyinsu ba a samunsu a kasuwar Tasawa, sai an aika Maraɗi, mai nisan fiye da kilomita 100 daga nan, wani lokaci ma sai Kano. Ya ware guda biyu ya ce birkinsu ya cinye, ba za su hau titi ba sai an canza. Mai ɗaya daga ciki ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa bayan tsere." Baba ya ce, "Ɗana, mahaifiyarka ta ba ni amanarka, ba ta ba ni amanar kyauta ba." Aka cire kuɗin birkin daga asusu.

Asabar, 13 ga Disamba

Da asuba muka kama babban gudron da ya haɗa Maraɗi da Damagaram, muka nufi gabas wajen Maijirgi. Ni ina bayansu a kan babur da jarkar ruwa da famfo. Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe gonaki, iska kuma tana bugowa daga arewa maso gabas, wato tana dukan kafaɗar hagu ta mai tafiya gabas.

Wannan iskar ce darasin yau. Wanda ya laɓe a bayan ɗan uwansa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe in shi kaɗai ne. Amma idan iska ta gefe ce, bin baya kai tsaye ba ya tsare kowa. Dole kowane mahayi ya ɗan karkata dama da na gabansa, a yi jeri a karkace. Na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya zame ya koma baya, na biye ya karɓa. Kyaftin ɗinmu, malamin lakkwal, ya yi ta maimaita musu har muryarsa ta dushe. Wahalar ba a ƙafa take ba, a zuciya take, domin yaro mai jin ƙarfi yana ganin komawa baya kamar gazawa ce. Ƙaramin cikinsu ya ƙi sauka daga gaba, kafin mu kai rabin hanya ya ƙare, sai da aka jawo shi a tsakiya.

A Maijirgi muka sha fura. Malam ya nuna musu wajen da kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu da suka ratsa ƙasar Hausa suna ƙona garuruwa a 1899, har sojojinsu suka kashe su a wannan yanki cikin watan Yuli na shekarar. Yawancin yaran sun sha wucewa ta nan cikin mota, ba su taɓa tsayawa ba. Dawowa iska tana bayanmu, kafin hantsi ya yi zafi mun iso gida.

Lahadi, 14 ga Disamba

Yau babu atisaye, ranar 'yan makaranta ce. Mun sanar tun makon jiya cewa duk ɗalibin da ke zuwa kwaleji daga ƙauye ya kawo kekensa a gyara kyauta, in akwai kayan da za a saya ya kawo abin da ya samu, asusu ya cika. Kafin walaha ƙofar rumfar ta cika. Kaca ta saki, feda ta karye, sirdi ya yage an ɗaure da tsumma, wani tiyub ɗin facin da ke jikinsa ya fi lafiyayyen wurin yawa, saboda ƙayar hanyar gona.

Baba ya sa doka biyu. Ta farko, kekunan 'yan mata za a fara gyarawa, don idan hanya ta yi nisa kuma abin hawa ya lalace, yarinya ce ake fara cewa ta zauna gida. Ta biyu, mai keke ba zai tsaya yana kallo ba, shi zai riƙe sifana. Wata yarinya 'yar aji biyu ta yi faci da hannunta, ta tsoma tiyub cikin ruwa, ba ƙumfa ko ɗaya. Mahaifinta, wanda ya rako ta da amalanke, ya ce mini, "Malam, da na ɗauka ku masu gudun banza ne a titi." Na ce masa ya dawo Alhamis ya ga gudun.

Na daɗe da yarda cewa wannan aikin shi ke riƙe da ƙungiyar. Tsere sau nawa ake yi a shekara? Amma yaron Kona ko na Korgom kullum yana bukatar kekensa. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a 2023, man da ake shigowa da shi ta kan iyaka ya daina araha, gidaje da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Ƙungiyar da ta iya gyara, gari ba zai bari ta mutu ba.

Litinin, 15 ga Disamba

Manyan cikinmu suka ɗauki hanyar Mayahi don kai goron gayyata ga 'yan keken can. 'Yan kwaleji suka tafi aji. Siririyar taya ba ta son burji da rairayi, saboda haka muka bi ta gudron: Gazawa, Agye, Caduwa, sannan muka karya arewa. Kyaftin ya hana kowa gudu, tafiyar juriya ce.

Duk inda ido ya kai, gawo ya yi kore shar a cikin gonakin da aka girbe, domin shi da rani yake fitar da ganye, da damina ya zubar. Dattawa sun ce a shekarun fari na 1970 da 1980 wannan ƙasa ta kusa zama fili fetal. Sassabin zamani ne ya dawo da ita, wato manomi ya bar tohon kututture ya rene shi maimakon ya sare, aikin da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983. Mai keke ya fi mai mota sanin darajar wannan aiki, don shi ke neman inuwa.

Bayan Agye wata babbar mota ta taho a guje tana wuce wata, ta cinye hannunmu gaba ɗaya. Jerin ya watse, tela ya faɗa gefen titi, gwiwarsa da tafin hannunsa suka ɗaye, hular kwanonsa ta tsage. Direban bai ko rage gudu ba. Da babu hular, da wani labarin ake yi. Muka wanke ciwon, muka ɗora shi a babur. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wannan shi ne abin da ɗan makaranta da mai kai nono kasuwa ke gamuwa da shi kullum ba tare da kowa ya ji ba. Mun shiga Mayahi da la'asar sakaliya, 'yan fadar masu keke suka tarbe mu da shayi da tuwo.

Talata, 16 ga Disamba

Ma'aikaciyar jinya ta wata ƙaramar likita ta roƙi abokanmu na Mayahi su taya ta kai saƙo ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba: iyaye mata su kawo yaran da ba su cika rigakafinsu ba, kuma duk wanda ya ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya kada ya kwana da shi a gida, don lokacin sanƙarau na tafe da iskar rani. Muka ajiye kekunan tsere, muka ari na gida masu kaurin taya, muka rabu biyu biyu.

Kwarin cike yake da goriba, mata suna zaune suna saƙar tabarma da kaba. Inda rairayi ya yi yawa sai mu sauka mu tura. A kowane gari sai mun fara faɗuwa gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, saƙo muka kawo daga likita." Wani dattijo ya dubi rigunanmu masu launi ya ce, "Samari, ku ne na rediyo?" Yara suka biyo mu a guje har ƙofar gidan liman, kuma taron da rigunan suka tara shi ya saurari saƙon. Wata tsohuwa ta ba mu ƙwarya guda ta fura, ta ce, "'Ya'yan nan, Allah Ya yi muku albarka, ku gaya wa malamar jikokina uku na nan tafe."

Da yamma muka ɗaure kekuna a saman motar kasuwa muka koma Tasawa, tare da mahaya biyar na Mayahi.

Laraba, 17 ga Disamba

Hutun ƙafa, aikin baki. Da safe ni da kyaftin muka je ofishin perefe da na jandarmomi aka tabbatar mana za a tsare titi na lokacin tseren. Daga nan muka wuce tasha muka zauna da shugabannin direbobi da 'yan kabu-kabu. Tela ya ɗaga hularsa da ta tsage ya nuna musu, bai ƙara ko kalma ba. Shugaban tasha ya karɓe ta ya jujjuya, ya ce, "Wallahi 'ya'yanmu ne ke kan kekunan nan." Ya yi alkawarin ba da motar da za ta bi bayan mahaya, 'yan kabu-kabu kuma za su tsaya a mararraba. Wata Hajiya mai abinci ta ɗauki nauyin ciyar da baƙi, wani Alhaji ya aiko da buhun shinkafa da tayoyi na kyauta.

Da dare aka kewaye waya guda ana kallon Biniam Girmay na Iritiriya, baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a Tour de France, a 2024, ya ci har uku, ya tafi da koriyar riga. Aka kalli gasar duniya ta Kigali ta watan Satumban 2025, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Malam ya tuna musu cewa maƙwabciyarmu Burkina Faso ta fara Tour du Faso tun 1987. Ɗaya daga yaran Mayahi ya tambaya, "Mushe, su ma da irin kekunanmu suka fara?" Malam ya ce abin da suka fi mu shi ne yawan tsere, wanda ke sa a gano mai ƙafa tun yana ƙarami.

Alhamis, 18 ga Disamba

Tun da sassafe makaɗa suka kama wuri, 'yan makaranta suka jeru a bakin titi, mahaifin yarinyar nan ma ya zo da amalankensa cike da yara. An fara da rukunin keken gida. Wani saurayi mai kai itace kasuwa ya zo da silifa, a kan keke mai nauyi marar giya, ya bar kowa da tazara mai yawa. Baba ya bi shi har inda ya tsaya ya tambayi sunan mahaifinsa da garinsu.

Sai babban tseren, zuwa gabas a juyo. A tafiya iska ta tsinka taron gida uku. Namu suka yi jerin da aka koya ranar Asabar, har ƙaramin nan ya ja nasa rabon ya zame ba gardama. Biyu daga Mayahi suka manne musu. A dawowa gudu ya ƙaru, aka rage su huɗu. Ɗan tiredanmu ya ƙone ƙarfinsa duka yana jan ƙaninsa zuwa kusa da layi, amma a mita na ƙarshe wani manomi ɗan Mayahi ya fito ta dama ya wuce da rabin taya. Namu ya zo na biyu. Mutanen Tasawa suka ɗaga baƙon sama kamar nasu, kuma wanda ya fi kowa shan tafi shi ne ɗan tiredan da ya shigo na huɗu, don jama'a sun ga abin da ya yi. Babu wanda ya faɗi, babu motar da ta kutso.

Juma'a, 19 ga Disamba

Mun raka baƙi tasha, muka dawo muka yi lissafi a gaban kowa. Abin da ya rage a asusu bai kai jika biyar ba. An yanke cewa tayoyin da namu ya ci za a sa su a keken ƙungiya, a ba mai itacen nan aro ya fara atisaye. Gyaran kekunan ɗalibai zai ci gaba duk wata, mutanen Mayahi kuma za su fara nasu.

Jihar Maraɗi ta san yadda ake renon gwani. Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a 1975 ne saboda akwai kokawa a kowane dandali bayan kaka, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha. Tsani irin wannan keke ke nema. Ina kira ga hukumar tseren keke ta ƙasa da mahukuntan Tasawa da Mayahi su tsayar da ranakun tsere sanannu tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafi ya sauka, a haɗa da rukunin keken gida da na 'yan makaranta. 'Yan kasuwa su taimaka da taya da hular kwano, sun fi mana kofi amfani. Direbobi kuma, don Allah, in kun hango mai keke ku rage gudu ku ba shi hanya, ko ranar tsere ce ko ranar kasuwa.