Dariya da Tsoro a Ƙiblatain

Bahaushen da ya girma a unguwar Ƙiblatain ta Madina bai san gidan sinima ba. Kaset ɗin Ibro da mahajjata ke kawowa ya sani. Sai a 2018 Saudiyya ta sake buɗe sinima, bayan shekara 35.

Yanzu yana da finafinan gida na Saudiyya. Sattar, wanda ya fito ƙarshen 2022, labarin wani ne mai son zama ɗan kokawa, jarumin fim ɗin Ibrahim Al-Hajjaj yana shan kaye jama'a na ƙyaƙyatawa. Wannan ya kwanta masa.

The Cello na 2023 kuwa, labarin ƙaton goge mai la'ana, bai razana shi ba. Tatsuniyar Dodo da kakarsa ke yi bayan isha'i ta fi hana shi barci.