Yaron Faris da ya koma Maihar

In kun taso a gidan da ake kallon fina-finan Indiya, kamar yawancinmu, to kun san muryar sitar ko da ba ku san sunanta ba. Ita ce tsirkiyar nan mai kamar kuka da ke shigowa idan masoya za su rabu. Mutumin da ya fi kowa yawo da ita a duniya shi ne Ravi Shankar, kuma akwai abu guda a rayuwarsa da nake so duk mai renon yaro a ƙasar wasu ya ji.

An haife shi a Banaras a 1920. Yana ɗan shekara 10 aka tafi da shi Faris, inda yayansa Uday Shankar yake da ƙungiyar 'yan rawa. Ya iya Faransanci, ya zaga Turai da Amurka yana rawa, ya saba da kwat da otal da silima. Kun dai gane irin yaron: sunan gida, amma harshe da ɗabi'a na waje. Irin namu na nan.

A 1935 wani dattijo, Allauddin Khan, babban makaɗin fadar Maihar, ya bi ƙungiyar zuwa Turai. Musulmi ne, mai zafin rai, wanda ba ya wasa da sana'arsa. Ya lura yaron yana da kunne, sai dai yau ya taɓa wannan, gobe ya taɓa wancan. Sharaɗinsa ɗaya ne: in da gaske yake yi, ya ajiye komai ya same shi a gida. A 1938 Ravi, ɗan Hindu mai shekara 18, ya bar rawa ya tafi Maihar, ɗan ƙaramin gari a tsakiyar Indiya, ya zauna gaban malamin da kowa ke kira Baba har 1944.

Wannan zama, in kun duba, almajirci ne sak. Ba takarda ake bi ba. Malam ya kaɗa, ɗalibi ya maimaita, tun asuba har yatsu su tsage su yi kanta. Sitar ba garaya ba ce mai tsirkiya biyu. Tana da wajen ashirin: kaɗan ake bugawa, sauran suna kwance a ƙasa suna amsawa da kansu, duk a kan dogon wuya da ƙoƙon duma. Makaɗi yakan ja tsirkiya gefe da yatsa har sauti ya lanƙwasa kamar muryar mutum. Abin da ake koyo kuwa shi ne raga, wato zubin sauti mai dokokinsa, na hawa daban na sauka daban, kowanne da lokacinsa, wani na safe wani na tsakar dare. A cikin wannan iyaka makaɗi yake ƙirƙira nan take. Shi ya sa ba a koyonsa a hutun wata shida.

Ga abin da ya tsaya mini. Ba wanda ya tasa ƙeyarsa zuwa Maihar. Mu kuwa, sau nawa muka ji an ce wa yaro, "Ka ci gaba, wallahi sai na mayar da kai gida"? Mun mai da gida bulala, sannan muna mamaki in yaro ya girma yana gudunsa. Shi Ravi a Turai ya ga wani ɗan ƙasarsu da ya iya abu har ya ba shi sha'awa, sai ya bi shi da ƙafarsa.

Sauran labarin sananne ne. Ya shugabanci sashen kiɗa a gidan rediyon All India Radio daga 1949 zuwa 1956, ya yi wa fim ɗin Pather Panchali na Satyajit Ray kiɗa, sannan ya koma Turai da Amurka, wannan karon da sitar. A 1966 George Harrison na Beatles ya zama ɗalibinsa, sai ga shi a manyan taruka: Monterey a 1967, Woodstock a 1969. Bai ji daɗin duk abin da ya gani ba. Jimi Hendrix ya banka wa jitarsa wuta a Monterey, abin ya ɗaga masa hankali, don a wurinsu kayan kiɗa abin girmamawa ne. Ya kuma sha faɗa cewa kiɗansa ba abokin shaye-shaye ba ne. A taron tara wa 'yan gudun hijirar Bangaladash kuɗi a New York, 1971, jama'a suka ɓarke da tafi alhali saita tsirkiya kawai ake yi. A gida kuma wasu na cewa ya sayar da gado ga Turawa. Wanda ya taɓa zama baƙo a nan, ya je gida aka ce ya zama Bature, ya san wannan tsaka mai wuya. Ya gajarta kiɗa don baƙin kunne, yana yi yana bayani, amma dokar raga bai taɓa ta ba.

Ba zan mai da shi waliyyi ba fa. A 1941 ya auri 'yar malaminsa, Annapurna Devi, wadda masana da yawa ke ganin ba ta gaza shi a gwaninta ba. Auren bai yi daɗi ba, ta daina fita kiɗa gaban jama'a, ta rufe kanta a gida a Mumbai tana koyarwa har ta rasu a 2018. Mashahurin mai sarewa Hariprasad Chaurasia ɗalibinta ne. Duk sanda aka yabi Ravi, ni ita nake tunawa.

Wasansa na ƙarshe a Long Beach ne, jihar Kalifoniya, ranar 4 ga Nuwamba 2012, yana da shekara 92, ana ba shi iskar oksijin. Na yi jinyar tsofaffi masu ciwon zuciya, na san yadda zuwa banɗaki kaɗai ke ƙwace musu numfashi, balle zama a ja tsirkiya gaban jama'a. A gefensa akwai 'yarsa Anoushka, haifaffiyar Landan, wadda ya koya wa sitar tun tana ƙarama, yadda Baba ya koya masa. Bayan wata guda aka yi masa aikin zuciya, ya rasu ranar 11 ga Disamba.