Ranar da Na Zagi Kakata da Turanci

Duk wanda ya yi ND I ya san darasin nan na Turanci da ba ya ƙyale kowa, ko injiniya kake karantawa ko akanta. A zangon farko malamarmu ta ce kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan mutumin da ya fi girmamawa. Ban ko tsaya tunani ba, na ce a kan Inna zan rubuta. Kakata ce ta wajen uwa, ita ta raine ni, kuma wata 4 ke nan da rasuwarta a lokacin.

Inna tana tashi tun kafin kiran assalatu, ba ta wasa da azumin Litinin da Alhamis, amma ba za ka taɓa jin labarin a bakinta ba. In baƙo ya yi sallama tana lazimi, sai ta tura carbin ƙarƙashin tabarma. Daddawa take sayarwa, kuma ba mai sayen da ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Da na zo rubutu, na sa "religious" har sau 3, abin ya gundure ni. Sai na ɗauko waya na nemi kalmomi masu kama da ita. Ga su nan reras: "holy", "pious", "devout", "saintly", "sanctimonious". Na zaɓi ta ƙarshe saboda ta fi tsawo. Kun dai san halinmu, gani muke tsawon kalma shi ne maki.

Bayan mako guda malamar ta kira ni ofis. Kirista ce, Hausa kuma a bakinta kamar jakar Kano. Ta ce, "Ɗana, me tsohuwar nan ta yi maka?"

Na ce, "Madam, ai ita ta raine ni."

Ta ce, "To ka kira ta mai riya. Musa a baki, Fir'auna a zuci."

Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar da ke ɓoye carbi, ni jikanta na rubuta da hannuna cewa don idon mutane take ibada.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta jawo ƙamus, muka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Holy" ita ce mai tsarki, an fi faɗinta ga Allah da littafinsa, shi ya sa ba kasafai ake liƙa wa maƙwabci ita ba. Tushenta ɗaya da kalmominsu na lafiya da cikar abu. "Sacred" ta fi kusa da alfarma a wurinmu, abin da aka keɓe ba a keta shi, kamar Masallacin Harami ko watanni masu alfarma. Wuri ko lokaci ake kira da ita, ba tsohuwa mai daddawa ba. "Saintly" kuwa kamar ka ce halin waliyyai, mai haƙurin da ya wuce na sauran mutane.

Inda gizo ke saƙar shi ne "pious". Daga Latin ta fito, asalinta mai sauke haƙƙin abin bautarsa da na iyayensa da na ƙasarsa. Har yau ana yabo da ita, amma Bature yakan faɗe ta da gatse, yana nufin mai nuna wa jama'a taƙawa. Ita kanta "sanctimonious" da can tsarki na gaske take nufi, kafin ta koma zagi tsantsa. Akwai "holier-than-thou", mai ganin ya fi kowa tsarki, wadda ta samo asali daga littafin Ishaya a fassarar Sarki James ta 1611. Abin da ya fi ɗaure mini kai: "silly", wato sakarai, a tsohon Turanci mai albarka take nufi.

Da na fito sai na ga ai mu ma haka muke. "Ustaz" kalmar girmamawa ce, amma ka ji yadda ake jan ta a hostel in wani ya ƙi zuwa fati. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna shan "holy holy". Da alama kalmar yabon ibada, in ta daɗe a bakin mutane, sai ta fara tsami, ko don masu riya sun ɓata ta, ko don wanda bai yi ba yana jin haushin wanda ya yi. Ni ma na sha tsokanar wani ɗan ɗakinmu da "Ustaz" in ya tashe mu da asuba. Tun ranar na bari.

Madam ta ba ni dama in sake rubutun. Na sa "devout", wadda tushenta alwashi ne, mutumin da ya miƙa kansa da zuciya ɗaya, kuma ba a cika yin gatse da ita ba. Sau ɗaya tak na yi amfani da ita. Sauran shafin na cika shi da carbi da tabarma da daddawa.

Inna ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma duk da haka na nemi gafararta a addu'a. Allah ya jiƙanta. Ku kuma, kafin ku ɗauki doguwar kalma a waya, ku leƙa ƙamus tukuna.