Damben Keji Da Jarin Ɗan Yayata

Yau kam sai ku yi mini uzuri, ba ci gaban labari na zo muku da shi ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga in ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi gudu ba. Maganar kuwa ita ce ta damben nan na Turawa da ake yi a cikin keji, wanda yaranmu ke kira UFC, da kuma cacar da ta biyo shi har cikin wayoyinsu.

Mu mutanen Mai'adua ba baƙi ba ne wajen kallon maza suna gwada ƙwanji. Garinmu a bakin iyaka yake, kana wuce Kwangwalam ka shiga Nijar, ka kama hanyar Matamai da Damagaram. Saboda haka tun muna yara abu biyu muka tashi da shi, ga dambe na wajenmu, ga kokawa ta maƙwabta wadda ake yi wa gasar takobi duk shekara. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai ka ji kalangu ya tashi, 'yan dambe sun sauka gari. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago kuwa, ko yaron da bai taɓa naɗa zare ba ya san su.

Abin da ya fi burge ni a wancan lokaci shi ne hirar dattawa kafin a shiga fage. Za ka ga tsoho ya zauna yana kallon 'yan dambe biyu suna zagaya fili, ya ce wancan dogon hannu gare shi, in aka tsaya nesa da nesa shi ke da wasa, amma in gajeren nan ya samu ya kutsa ƙarƙashin garkuwarsa to an gama. Wani ya ce ai ku lura bahago ne, mai dama bai saba ganin mashi ya fito ta wannan ɓangare ba. Wani kuma ya ce wannan turmin farko kaɗai gare shi, in aka kai na uku numfashinsa ya ƙare. Ilimi ne sosai, kuma sau da yawa yadda suka faɗa haka take faruwa. Sai dai ban taɓa jin ɗayansu ya rufe bakinsa ba tare da ya ce "in Allah ya yarda" ba, don sun sha ganin ƙato ya faɗi a hannun wanda ba a zata ba.

To shi damben keji, ga wanda bai san shi ba, haɗin gambiza ne. An yarda ka yi naushi, ka yi shuri, ka kai gwiwa, ka kayar da mutum irin na kokawa, ka danne shi, ka shaƙe shi ko ka murɗe masa hannu har ya miƙa wuya. Asalinsa ma tambaya ce irin ta dattawanmu: in aka haɗa ɗan dambe da ɗan kokawa, wa zai kashe wani? A watan Nuwamba na 1993 aka yi gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka don a raba gardama. Wani siririn mutumin Barazil, Royce Gracie, mai salon kamu da shaƙa da ake kira jiu-jitsu, shi ya cinye gasar. Abin dariya, wanda ya fara karawa da shi ɗan damben Turawa ne mai suna Art Jimmerson, ya shigo da safar dambe a hannu ɗaya tak, sai ka ce ɗan damben gargajiya. Bai samu ko kai bugu na kirki ba aka kai shi ƙasa, ya sallama.

Tun daga nan masu kallo suka riƙe cewa mai iya kayarwa shi ke zaɓar inda za a yi faɗa. An ga haka a 2018 lokacin da Khabib Nurmagomedov, Musulmin nan na Dagestan, ya danne Conor McGregor duk da zafin hannun hagunsa, har ya sallama a turmi na huɗu. Khabib ya ajiye wasa a 2020 da nasara 29 ba a taɓa cin sa ba. An ga haka ga Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda hannunsa kamar guduma yake, amma a 2018 Stipe Miocic ya yi ta kayar da shi har ya gaji tilis. Sai da ya koma ya koyi kare kamu sannan ya dawo a 2021 ya buge Miocic ya karɓi kambu. Ka ga ke nan wanda ya ce salo yana da tasiri bai yi ƙarya ba.

Ɗan yayata yana cikin waɗanda suka haddace wannan karatu. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, ya gama sakandare, uwarsa ta kwashi adashi ta ba shi jari yana sayar da caja da gilashin waya da 'yan tarkace, ranar Lahadi kuma ya baza kaya a babbar kasuwarmu inda fatake ke zuwa daga Kudu da Nijar. In ya fara yi maka bayanin 'yan damben keji sai ka riƙe baki. Ya san tsawon hannun kowa, ya san wanda ke gajiya da wuri, ya san wanda ba a iya kayarwa. Ni kaina nakan zauna in saurare shi, don yana tuna mini dattawan bakin fage.

Wata Asabar a cikin Agustan 2022 ya same ni a ƙofar gida da yamma, fuskarsa cike da fara'a.

"Kawu, yau da dare Kamaru Usman zai yi wasa. Wannan kam kuɗi ne a ƙasa, durƙusawa kawai za a yi a ɗauka."

Na ce, "Wane irin kuɗi kuma, ɗana?"

Sai ya shiga jero mini hujjoji. Usman haifaffen Auchi ne a Jihar Edo, ɗan kokawa ne tun asali, ya karɓi kambu a 2019 ya kare shi sau biyar, ya yi nasara 15 a jere a UFC. Abokin karawarsa Leon Edwards na Ingila ɗan bugu ne, kuma Usman ya taɓa cin sa a 2015. Ya ce, "Kawu, ɗan kokawa da ɗan bugu, ga shi an taɓa haɗuwa an ga ƙarshe. Me ya rage?"

Na ce masa abin da ya rage shi ne ya tsaya a kallo, kada ya sa ko sisi, don caca haramun ce kuma ba ta da aboki. Ya yi dariya ya ce shi ba caca yake ba, ilimi yake amfani da shi, 'yan caca su ne masu rufe ido su zaɓa. Na kira uwarsa a waya na gaya mata, ta yi masa faɗa, ya ce ya ji. Ashe ya riga ya tura naira dubu 40 daga cikin jarin, kuɗin da zai saro kaya da su a Kano.

Da yake dare ne a can Salt Lake City, mu a nan sai wajen asubahin Lahadi wasan ya kama. Kuma wallahi lissafin yaron nan ya yi ta tafiya daidai. Ban da turmin farko da Edwards ya ba da mamaki ya kayar da Usman, sauran duk Usman ne ke matse shi a jikin keji yana kai shi ƙasa. Aka shiga turmi na biyar, na ƙarshe, kowa ya san in aka tashi a haka Usman ya ci da maki. Saura daƙiƙa 56 a tashi, Edwards, wanda bahago ne, ya yi kamar zai kai naushin hagu, Usman ya kauce da kai, sai ya haɗu da ƙafar hagu a tsakiyar hanya. Ya zube ko motsi babu. Ranar kasuwa guda, rana ta fito ta tarar da ɗan yayata zaune a bakin shago da rabin kaya, ya rasa bakin da zai gaya wa uwarsa.

Ni fa ba faɗuwar Usman ce ta tsaya mini a rai ba, don wanda ya saba kallon dambe ya san bugu ɗaya ke kisa. Ribar da yaron ya sa jarinsa dominta ita ta fi ba ni takaici. Da Usman ya ci, abin da za a ɗora masa bai kai sulusin kuɗinsa ba. Me ya sa? Saboda duk abin da ya sani, kamfanin cacar ya riga shi sani. Suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan dare da rana, sun san ɗan kokawa ne, sun san wasan 2015, shi ya sa suka rage ribar wanda ya zaɓi Usman. Ilimin da yaro yake taƙama da shi an riga an cire kuɗinsa tun kafin ya buɗe waya.

Bari in kawo misali irin na kasuwa yadda kowa zai gane. A ce 'yan wasa biyu ƙarfinsu ɗaya. Mutum goma suka sa dubu ɗai-ɗai a kan na farko, wasu goma suka sa dubu ɗai-ɗai a kan na biyu, an tara dubu 20. Kamfani ya ce wanda ya ci za a ba shi 1,900. Ko wa ya faɗi a cikin keji, dubu 19 za a biya, dubu ɗaya ta zauna a aljihun mai gida. Shi ba ruwansa da bahago ko mai dama. Ɗan kamashon da ba ya asara ke nan, kuma kullum daga jikin masu zubi yake yanka.

Da abin ya tsaya a nan da sauƙi. Amma ɗan caca ba ya ganin asara a matsayin asara, gani yake bashi ne ya bayar wanda dole ya karɓo. Yaron nan ya yi shekara guda yana ɗan sawa a ɓoye, yau ya ci dubu biyu gobe a cinye masa biyar, yana jiran babban wasan da zai fanshe. Sai ga shi a Satumban 2023, Israel Adesanya haifaffen Legas zai kara da Sean Strickland a birnin Sidni na Ostareliya. Wannan karon hujjarsa har ta fi ta farko tsari. Alex Pereira ya buge Strickland a turmin farko a 2022. Adesanya kuma ya buge Pereira a Afrilun 2023. Ga Strickland mai tafiya gaba tsaye ƙiƙam, irin abincin da mai jiran kuskure kamar Adesanya yake so. Wanda ya kashe wanda ya kashe ka, ai ba sai an tambaya ba. Haka duniya ta ɗauka. Strickland ya zo ya kai Adesanya ƙasa da naushi tun a turmin farko, ya bi shi yana takura shi har turmi biyar, alƙalai duka uku suka ba shi. A nan sauran jarin ya tafi, har da kuɗin wani abokinsa da ya ranta.

Da ya tambayi tsofaffin 'yan kallon dambe da sun gaya masa wannan lissafin sarƙa ba ya aiki. Sau nawa aka ga ɗan Kudu ya buge ɗan Arewa, ɗan Arewan ya buge ɗan Guramada, sannan ɗan Guramadan ya juyo ya kashe ɗan Kudun? Gaba da gabanta, in ji masu iya magana. Ko Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauki takobin kokawar Nijar har sau shida, akwai shekarun da aka kai shi ƙasa ya koma gida hannu rabbana. Sanin salo yana nuna maka inda ruwa ya fi gangarawa, amma a ranar wasa akwai ciwon da aka ɓoye, akwai rashin barci, akwai tsoro, akwai ƙiftawar ido guda.

Ni sana'ata rubutun littafi ce. In na ɗauko jarumi na haɗa shi da mugu, tun shafi na farko na san wanda zai yi nasara, don alƙalamin a hannuna yake. Masu karatu ma sun saba, har sukan tare ni a kasuwa su ce sun san yadda za ta ƙare. Ina jin irin wannan sabo ne yake bin yaranmu zuwa gaban talabijin, suna ɗauka in an jero dalilai daidai to ƙarshe dole ya bi. A cikin keji kuwa babu marubucin da ya tsara babi na ƙarshe.

Akwai kuma wata asara da ba a lissafa ta da naira. A da in ɗan yayata yana kallo, yakan yi tsalle in an yi kyakkyawan bugu ko daga wa ya fito. Da ya fara sa kuɗi, sai ya koma kallon agogo yana cizon yatsa, gwanintar abokin hamayya ta zama masa baƙin ciki. A fagen dambenmu in mutum ya burge ka, kai ke tashi da kanka ka liƙa masa kuɗi a goshi, ka koma ka zauna zuciyarka fes. Ɗan caca kuwa ko sallar asuba yake yi hankalinsa na kan tikiti. Ba banza ba Alƙur'ani ya haɗa caca da giya a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, ya kuma ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Na ga gabar da idona, don abokin da ya ranta masa kuɗi sun yi wata uku ba sa ga maciji.

A 2024 Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca da dama, jama'a suka yi ta sa albarka. Sai dai shagon da ya cinye jarin ɗan yayata ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo, a aljihunsa yake, data kawai yake buƙata. Shi ya sa nake ganin aikin ya dawo kanmu iyaye da kawunnai. Hana yaro kallo ba zai yi magani ba, zai je inda ba ka gani. Gara ka zauna da shi, ka saurari bayaninsa, ka yaba masa inda ya yi daidai, sannan ka ɗauko takarda ku yi lissafin dubu 20 ɗin nan tare. Yaro mai ƙwaƙwalwa ya fi jin zafin a nuna masa an mayar da shi saniyar tatsa fiye da a yi masa tsawa.

Haka muka yi da nawa. Uwarsa ta sayar da tunkiyarta aka biya abokin, ni kuma na haɗa shi da wani mai shago yana yi masa jiran kaya, yana tara na kansa a hankali. Har yanzu yana kallon damben keji, kuma har yanzu in ya yi hasashe yakan dace fiye da yadda yake kuskure. Ya cire manhajar daga wayarsa, ni kuma lokaci-lokaci nakan ce ya miƙo wayar in gani, ya miƙo yana murmushi.

Wanda duk yake da irin wannan yaro a gida, don Allah ya bincika tun jari bai taɓu ba, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su sana'a mai albarka, ya tsare su daga kuɗin banza. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Na bar ku lafiya.