Kalmar da Ta Gagare Mu a Aji Biyar

Shekarun baya na je duba ɗalibanmu da ke gwajin koyarwa a wata makarantar firamare da ke bayan gari. Na zauna a bencin ƙarshe na aji biyar, ɗalibata tana koyar da kimiyya. Littafin da ke hannunta da Ingilishi aka rubuta shi, yaran kuwa ba sa jin Ingilishi sosai, don haka sai ta riƙa fassara musu. Da ta iso kan kalmar da Turawa ke kira enaji sai ta ce, “Enaji shi ne ƙarfi, wato abin da ke sa a iya yin aiki.” Ta ƙara da abin da littafin ya faɗa, cewa idan abu bai motsa ba to ba a yi aiki ba. Nan take wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malama, babana ɗan dako ne. Idan ya tsaya da buhu a ka yana jiran mai kaya, ba aiki yake yi ba ke nan?” Malama ta dube ni. Ni kuma, da digirina na uku a kimiyyar harshe, sai na sunkuyar da kai ina rubutu a takardar auna ɗalibai.

Da na koma kwaleji na nemi wani abokin aikina na sashen fiziks, muka shafe yammaci guda a ofishinsa. Abin da na fara fahimta shi ne laifin yana wurin kalmomin da muka miƙa wa yaron. Mai ilimin fiziks ya ɗauki kalmar “aiki” ya ƙuntata ma'anarta: a wurinsa aiki shi ne a tura abu ko a ja shi, abin kuma ya gusa ta fuskar da aka tura shi. Bahaushe kuwa noma aiki ne, gadi aiki ne, zaman ofis ma aiki ne. Wannan ƙuntata ma'ana sananniyar hanya ce ta samar da keɓaɓɓun kalmomi, amma wajibi ne malami ya sanar da yara cewa an yi ta.

Abokin nawa ya kawo misalin rijiya, kuma da shi nake amfani har yau. Guga mai ɗaukar lita 10 na ruwa nauyinsa kilo 10 ne. Idan aka jawo shi daga rijiya mai zurfin mita 20, an yi aiki na kimanin jul 2,000. Jul shi ne ma'aunin, an kuma samo sunan ne daga James Joule, Baturen Ingila da ya nuna a shekarun 1840 cewa motsi yana rikiɗa ya zama zafi bisa ƙayyadadden gwargwado. To, wannan jul 2,000 daga ina ya fito? Daga tuwon da mai jan ruwa ya ci. Tuwon daga dawa, dawar kuma ta tara shi ne daga hasken rana lokacin da take gona. Ina ya tafi? Yana nan tattare da gugan da ke bakin rijiya. Saki igiyar ka gani: gugan zai faɗa da gudu, ya bugi ruwa da ƙara, ruwan ya ɗan ɗumama kaɗan yadda hannu ba zai ji ba. Abu ɗaya ne yake sauya kama, daga haske zuwa abinci, daga abinci zuwa motsi, daga motsi zuwa zafi, kuma duk inda aka lissafa shi adadinsa bai ƙaru ba bai ragu ba. Haka ruwan da aka tare a madatsar Kainji tun 1968 yake gangarowa ya juya injuna a sami lantarki.

Wani lissafi ya ba ni mamaki. Ɗumama lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 har ta kai ga tafasa yana cin jul kusan 315,000. Wato abin da butar shayi ke sha kafin ta tafasa ya kai na jawo guga 160 daga waccan rijiya.

A nan ne aikin mai nazarin harshe ya taso. Kalmomi uku ke takara a bakin malamanmu. Ta farko “ƙarfi”, ita ce ta fi saurin zuwa baki, ita ce kuma ta fi haɗari, domin fiziks yana buƙatarta a wani wuri, wato turi ko ja da ake yi wa abu. Bango yana tokare rufin ɗaki da ƙarfi shekara da shekaru ba tare da ya ci komai ba. Idan muka kira abubuwan biyu da suna ɗaya, yaro zai isa sakandare yana cakuɗa su. Ta biyu “kuzari”, kalma mai daɗi, sai dai ta masu rai ce. Kunnen Bahaushe ba zai karɓi “kuzarin dutsen da ke kan tudu” cikin sauƙi ba. Ta uku “makamashi”, wadda gidajen rediyo da jaridu suka yaɗa. Asalinta abin hura wuta ne, kamar itace da gawayi da kara. Nakasunta shi ne a tunanin kowa makamashi ƙarewa yake yi, itace ya zama toka, alhali babban darasin shi ne abin ba ya ƙarewa, wuri yake sauyawa.

Duk da haka ni makamashi na zaɓa. Dalilina shi ne tana ɗauke da ma'anar abin da aka tanada, ake kuma iya auna yawansa, kuma jama'a sun riga sun faɗaɗa ta har ta haɗa da lantarki da hasken rana. Su ma Turawa ba daga sama suka tsinci tasu ba. Kalmar Girkanci ce da Aristotle ya yi amfani da ita a falsafa, Thomas Young ya jawo ta cikin kimiyya a 1807, aka kuma ɗauki shekaru kusan hamsin kafin ma'anarta ta zauna. Saboda haka ina shawartar ɗalibi mai shirin zama malami da ya fara da rijiya da murhu da gwafar harbin tsuntsu, ya bar yara su bi sawun abin daga wuri zuwa wuri, sa'annan ya ba shi suna. Idan ya ce makamashi, ya tsaya ya tambaye su inda zafin itacen ya tafi bayan wuta ta mutu.

Bayan mako biyu na koma makarantar, na roƙi ɗalibata ta ba ni minti biyar. Na kira yaron na ce masa babansa yana gajiya da gaske, domin tsokokin wuyansa da na bayansa suna ta ɗaurewa suna saki ko da yana tsaye cik, suna cin makamashin abincin da ya ci, suna mai da shi zafi, shi ya sa yake gumi. Buhun ne kawai bai sami komai daga ciki ba, tunda bai ɗaga ba bai gusa ba. Yaron ya yi shiru, sa'annan ya ce, “To ai gara ya sauke shi a ƙasa ya jira.” Na ce haka ne, amma sai ya sake biyan jul wajen ɗaga shi.