Kuɗin Wasan 'Yan Makarantar Ƙauye

Aikina rubuta kuɗin jama'a ne, abin da ya shigo da abin da ya fita. Saboda haka duk sa'ad da mutanenmu suka tashi tara gudummawa, ni a kan miƙa wa littafi. Na rubuta ta masallaci, na rubuta ta rijiya, amma ban taɓa ganin wadda hannu ke nauyi a kanta kamar ta wasan 'yan makaranta ba. Sai dattijo ya ce maka, "Malam, wasa kuma har sai an saya?"

To, gaskiyarsa ta wani wajen. Langa da kokawa da tsere ba su cin ko kwabo. Amma ƙwallo sai an saya, in ta fashe a ɗinke, ga riguna, ga kuɗin mota ran da za a je karawa da wata makaranta. Tun da aka buɗe ilmin firamare kyauta a 1976 makarantu suka yawaita a ƙauyuka, kuɗin hukuma kuwa ya kan ƙare a kan albashi da gini, bai cika isa filin wasa ba. Alhali kuwa na ga yaran da ba abin da ke hana su gudu daga aji sai ƙwallon la'asar. Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar duniya ta 2014, a Jos ya tashi, ya buga wa Kano Pillars kafin ya haye teku. Ba kowa zai zama shi ba, amma yaron da ya zauna domin ƙwallo, karatu ma zai same shi.

Dabarar da na ga ta fi ita ce kada a nemi tsabar kuɗi wurin manomi da damina. A dakata sai kaka, kowane mai gida ya ba da tiya ɗaya ta gero ko dawa. A adana, a sayar da bazara sa'ad da hatsi ya yi daraja. Share fili kuwa gayya ce ta yini guda, toka ta isa ja layi, raga kuma gora uku ta tsai da ita. Sa'an nan a aika wa 'yan garin da ke birni takarda. Kada a manta da 'yan mata, su ma a yanka musu nasu filin.

Wurin da irin wannan aiki ya kan lalace shi ne ajiya. Ku da kuka koyi karatu, nan ne amfaninku. Kada ka ba da ko mudu ba tare da rasiɗi ba, kuma ka karanta shi da kanka tun mai karɓa bai tashi ba. Mai littafi dabam, mai ajiya dabam. Ƙarshen kowane zango a taru a ƙofar dagaci, a karanta lissafi da ƙarfi, a fito da ƙwallayen da aka ce an saya kowa ya ƙirga.