Rabin Milimita da ke Tsayar da Injin Niƙa

A rumfunan walda da garejin kanikawa da ke jere a bakin titin Kano zuwa Katsina, daga Gidan Mutum Ɗaya har cikin Kankiya, ana magana da awo iri biyu a jumla guda ba tare da kowa ya lura ba. Maigida zai ce wa yaronsa ya miƙo sifana mai lamba goma sha uku, sannan ya yanko fayif na inci ɗaya da rabi. Lambar sifanar milimita ce, awon fayif ɗin kuma na Ingila ne. Manomin rani daga Kusada zai nemi injin ban-ruwa na inci uku, ya zuba masa fetur da lita. Fili ana sayar da shi da ƙafa hamsin a ƙafa ɗari, hanyar zuwa filin kuwa da kilomita ake auna ta.

Najeriya ta koma awon mita a shekarun 1970, zamanin da aka bar tuƙi ta hagu a 1972, aka kuma maye gurbin fam da naira a 1973, sannan dokar awo da ma'auni ta 1974 ta biyo baya. Kuɗi da tuƙi sun sauya dare ɗaya. Ƙarfe bai sauya ba, domin injin da aka ƙera da inci zai ci gaba da neman kayan gyara na inci har ranar da za a sayar da shi ga masu gwangwan.

A takarda abin ba shi da wuya. Tun 1959 Amurka da Ingila da wasu ƙasashe suka amince cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. Duk mai waya a aljihu zai iya ninka kowace lamba da 25.4. Wahalar tana farawa bayan lissafin: kwatan inci zai ba da 6.35, kashi uku cikin takwas zai ba da 9.525, alhali dillalin ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba ya sayar da rodi mai kaurin 9.525. Yana da na takwas, yana da na goma, yana da na goma sha biyu. Dole mai ƙira ya zaɓa, kuma a wannan zaɓin ake gane wanda ya san aikinsa.

A ɗauki mai walda da ya samu tsohon zanen injin casar hatsi, ko ya kwafo shi daga wani littafi na Amurka, yana son ya ƙera shi kafin kaka. Yawancin lambobin zanen ba su da tsanani. Ƙafafun injin, da faɗin mazubin da ake ɗura dawa, da murfin da ke kare bel, duk ana iya ƙara musu milimita biyu ko a rage ba tare da wani abu ya faru ba. Akwai kuma 'yan wurare, watakila biyar ko shida a duk zanen, inda ƙarfe ke shiga cikin ƙarfe. Sandar da ke juyawa a tsakiyar injin tana cikinsu. Zanen ya ce inci ɗaya. Boris ɗin da ya fi yawa a kasuwa mai kama da wannan girman shi ne mai lamba 6205, kuma raminsa milimita 25 ne. Sandar inci ɗaya ba za ta shiga ba, saboda ta fi ramin da 0.4. Idan aka yi akasin haka, aka saka sandar milimita 25 a fule mai ramin inci ɗaya, za ta shiga a sake, fulen ya riƙa rawa, bel ya riƙa ci ta gefe guda, boris ya mutu kafin a gama casar gona uku. Rabin milimita bai kai kaurin ƙwayar gero ba, amma a nan shi ne bambancin injin da zai shekara da wanda zai koma wurin mai shi da rigima.

Masu ƙera ƙananan injuna don nishaɗi a Turai sun daɗe da wannan ciwon kai. Mujallar Model Engineer da Percival Marshall ya kafa a Landan a 1898 ta tara zane-zane masu yawa na injunan tururi 'yan ƙanana, kusan dukkansu da inci, kuma wanda ke son ƙera su yau a Jamus ko Holan ƙarfen milimita ne a gabansa. Wata dabara da wasunsu ke bi ita ce su ɗauki inci a matsayin milimita 24 a duk faɗin zanen. Nan take lambobin su daidaita: kashi ɗaya cikin takwas ya zama 3, kwata ya zama 6, rabi ya zama 12. Injin zai fito ƙarami da kimanin kashi biyar da rabi cikin ɗari ta kowane gefe, kuma sassansa za su dace da juna tun da an rage su tare. Dabara ce mai kyau, kuma mai walda a Kankiya zai iya aronta, muddin ya tuna abu biyu. Abin da injin zai ɗauka a cikinsa zai ragu da kusan kashi goma sha shida cikin ɗari, domin ragin ya shafi tsawo da faɗi da zurfi a lokaci guda. Sannan dabarar ta sabon aiki ce kawai, wanda za a ƙera daga farko har ƙarshe.

Gyara wani abu ne daban, kuma shi ne ya fi yawa a garuruwa irin su Kusada. Injin Lista mai tafiyar hawainiya da ke juya niƙa a ƙauyuka asalinsa na kamfanin R. A. Lister ne da ke Dursley a Ingila, wanda ya fara ƙera shi wajen 1930 ya daina a 1987. Masana'antun Rajkot a Indiya suka ci gaba da kwaikwayonsa, da yawa kuma suka riƙe awonsa na asali. Faɗin fistin ɗin mai ƙarfin doki shida inci huɗu da rabi ne, wato milimita 114.3. Ba a mayar da wannan lamba 114 ko 115. Ana nemo abin da ya dace da ita ko a haƙura.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne haƙoran noti. A 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila ƙa'idar haƙori mai kusurwa digiri 55, ana ƙirga adadin haƙora a kowane inci. Na milimita kusurwarsa digiri 60 ce, kuma tazarar haƙori zuwa haƙori ake aunawa. Notin Whitworth na kashi biyar cikin goma sha shida na inci kaurinsa 7.94 ne, ido ba zai bambanta shi da na milimita takwas ba. Amma tazarar haƙoransa 1.41 ce, ta ɗayan kuma 1.25. Zai shiga zagaye biyu lafiya lau, sannan ya cije. A nan ne yaron gareji ke ƙara wa sifana fayif ya danna da ƙarfi, ya ji notin ya tafi, ya ɗauka ya yi nasara. Abin da ya yi shi ne ya share haƙoran da ke jikin injin, wanda ƙarfen zubi ne, kuma gyaransa sai an kai wurin masu injin sassaƙar ƙarfe a Kano ko Katsina. Kafin a dawo da shi, matan unguwa sun koma turmi ko sun biya kuɗin mashin zuwa wani gari da kwanon hatsi a ka.

Sifana ma tana da nata yaudarar. Rabin inci 12.7 ne, don haka lamba goma sha uku tana kama shi a sake, ta riƙa zamewa har kusurwoyin kan notin su shafe. Akwai kan noti na Whitworth mai faɗin 13.3, wanda goma sha uku ba ta shiga, goma sha huɗu kuma ta yi masa yawa. Tsofaffin kanikawa da suka yi aiki a kan Land Rover da Bedford sun san wannan da hannu. Waɗanda suka koyi aiki a kan Toyota da Peugeot da babur ɗan China ba su taɓa buƙatar saninsa ba, sai ranar da aka kawo musu tsohon injin niƙa. Laifin bai kamata ya tsaya kan yaron ba: ba a sayar masa da sifanar da ta dace, ba a kuma taɓa gaya masa cewa akwai ta.

Shi kansa mai sassaƙar ƙarfen yana da nasa lissafin. Injin da aka ƙera don yanka haƙorin inci ba ya yanka na milimita daidai sai an saka masa giya mai haƙora 127, domin 25.4 sau biyar shi ne 127, lambar da ba ta rabuwa. Wanda ba shi da wannan giyar yakan haɗa wasu da suka yi kusa. A kan gajeren noti kuskuren ba ya bayyana, a kan doguwar sanda kuwa yana taruwa haƙori bayan haƙori har notin ya tsaya a tsakiya.

Fayif shi ne ya fi rikitarwa, domin sunansa ba awonsa ba ne. Abin da masu famfo ke kira rabin inci kaurinsa ta waje kusan milimita 21 ne, kuma ko a ƙasashen da suka daɗe da awon mita haƙoran fayif na inci ne har yau. Manomin da ya ninka inci biyu da 25.4 ya je neman abin da zai haɗa da bakin injin ban-ruwansa zai dawo da wanda bai dace ba. Gara ya kwance tsohon, ya sa a aljihun riga, ya hau mota da shi zuwa kasuwa.